Na-Sani Mai Aski da Hargitsattsun Haruffa

A layin da ke bayan tashar mota an yi wani mai aski wanda ba mai tuna sunan da iyayensa suka raɗa masa. Kowa Na-Sani yake ce masa, don ba a taɓa fara magana a gabansa ya bari ta kai ƙarshe ba. Ka ce masa an yi ruwa jiya, ya ce, "Na sani." Ka ce masa matarka ta haihu, ya ce, "Na sani," sannan ya tambaye ka mace ce ko namiji.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya, kansa da gashin bakinsa. Gashin bakin nan shekara ashirin da biyu yana kiwonsa. Ya miƙe dama, ya miƙe hagu, ya lanƙwasa a ƙarshe kamar kan keke. Yana da mansa na musamman da ɗan matajinsa a aljihun gaba, kuma ba a taɓa kan kowa da safe sai an gama da shi.

Sai dai ciniki ya ja baya. Wasu samari sun buɗe sabon shago a bakin titi, da talabijin da kujeru masu juyawa, duk matasan layin sun koma can. Waɗanda suka rage wa Na-Sani su ne Hedimasta, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda abin da ya saura a kansa bai kai a kira shi gashi ba amma kullum yana zuwa da jarida don hira, sai kuma Tela, maƙwabcin shagonsa, wanda ke leƙowa duk sanda bayansa ya gaji da keken ɗinki.

Wata Talata da hantsi Hedimasta na zaune a benci ya tasa shafin baya na jarida a gaba yana cizon biro.

"Wasan nan zai sa min hawan jini," in ji shi. "Sun ɗauki kalma guda sun hargitsa haruffanta, wai a mayar da ita yadda take. Tun da na sha shayi nake fama. J, A, R, E, K, U."

Tela ya leƙa ta kafaɗarsa. "Jareku. Rakuje. Anya Hausa ce?"

Na-Sani bai ma san suna yi ba, yana goge madubi yana duba gashin bakinsa. Sai ga wani baƙo ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige, bai san inda zai zauna ba. Ba tare da ya juyo ba Na-Sani ya nuna masa da mataji ya ce, "Kujera."

Biro ya faɗi daga bakin Hedimasta. Ya dubi jarida, ya ƙirga haruffa da yatsa, ya ɗago.

"Kujera! Wallahi kujera ce! Kai, ko kallon takardar ba ka yi ba!"

Na-Sani ya juyo a hankali. Ya dubi Hedimasta, ya dubi jaridar, ya gane abin da ya faru. Mutumin kirki da sai ya yi dariya ya faɗi gaskiya. Shi kuwa ya murza ƙarshen gashin bakinsa ya ce, "Na sani."

Kafin azahar ya ba da labarin sau shida. A na shida haruffan sun zama goma sha biyu, kuma Hedimasta ya kwana uku a kansu. Kafin la'asar shi kansa ya yarda da labarin. Nan ne dabara ta faɗo masa. Ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya rataye a ƙofar shago:

GASAR BASIRA RANAR ASABAR. KAWO KALMARKA A HARGITSE. IN TA GAGARI NA-SANI, ASKI KYAUTA.

"Ka ga wannan?" ya ce wa Tela. "Su suna da talabijin, ni ina da ƙwaƙwalwa. Ranar Asabar layin nan ba masaka tsinke. Wanda ya zo kallo zai zauna aski."

Tela mutum ne mai magana a hankali, kullum da zare a gefen baki. Ya karanta kwalin sau biyu.

"Aski kyauta ba zai tara mutane ba, maƙwabci. Sa abin da za a bar aiki a zo gani."

"Kamar me?"

Tela ya zuba wa gashin bakin ido.

Na-Sani ya so ya ja da baya, amma mutane huɗu na tsaye suna sauraro. Ya yi dariya mai ƙarfi.

"Shi ke nan? Na sa! In an kayar da ni, kai da hannunka za ka yanke shi."

"Kalma uku," in ji Tela. "Kowace minti ɗaya. In ka ci ko guda, ka tsira."

"Ko guda? Zagina kake yi?"

"A'a, tausayinka nake ji."

Aka naɗa Hedimasta alƙali. Shi kuwa, da yake tsohon malami ne, bai iya ganin ɗalibi zai shiga jarrabawa ba shiri. Ya yage gefen jarida ya rubuta haruffa huɗu, K A I S.

"Ɗan motsa jini. Kalmomi huɗu ne a ciki. Kai da ka ci shida ba kallo, wannan ai shan ruwa ne."

Na-Sani ya jefa takardar a aljihu kamar bai damu ba. Da suka watse ya zaro ta. Ya duba. Kai. Ga "kai" nan a fili, sai wata S da ta maƙale a baya kamar jela. Ya cire S ya kai ta gaba. Skai. Ya mayar da ita. Kais. Duk yadda ya juya, "kai" ɗin nan na zaune daram, ya ƙi matsawa.

Washegari da safe wani direban babbar mota ya shigo, ƙato, wuyansa kamar turmi, ya ce a kwashe masa gemu. Na-Sani ya kwantar da shi, ya shafa masa kumfa har kunne, ya liƙa 'yar takardar a gefen madubi. Hannu na aiki, ido na kan haruffa. Direba ya lumshe ido, har ya fara gyangyaɗi. Aska ta sauko daga kumatu, ta bi haɓa, ta iso daidai maƙogwaro. A nan ne haruffan suka yi wani motsi a idon Na-Sani, K ta tsaya, I ta biyo ta.

"Kisa!" ya daka tsawa. "Kisa! Yau na samu!"

Direba bai tsaya tambaya ba. Ya ture hannun, ya yi waje da zanen aski a wuya da kumfa a fuska, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ihun a taimake shi. Na-Sani ya bi shi a guje don ya yi bayani, ya manta aska na hannunsa.

"Tsaya mana! Ai ban gama ba! Saura uku!"

Mai gyaran rediyo da mai faci ne suka rirriƙe shi a bakin kwata. Sai da Hedimasta ya zo ya nuna wa jama'a takardar kafin aka sake shi. Direba ya dawo ya ɗauki takalminsa, ya goge kumfa da zanen, ya karanta kwalin da ke ƙofa a hankali.

"Asabar ko?" ya ce. "Zan zo. Da kalmata zan zo."

Da rana Na-Sani ya koma gida cin abinci. Matarsa a kantin magani take aiki, ta dawo hutun rana ta zuba masa, ta zauna tana ba shi labari. Shi kuwa ya ajiye takardar kusa da kwano, yana tauna yana harararta. A bayan katanga maƙwabciyarsu, wadda duk layin ke kira Rediyo, tana shanya wanki.

"Baban yara, magana nake yi. Na ce rufin kicin ya fara yoyo. Me ka gani?"

S ta zo gaba. A ta bi ta. Na-Sani ya buga cinya.

"Saki!"

Ludayi ya kuɓuce daga hannunta.

"Me ka ce?"

"Saki mana! Tun jiya yake min yawo a kai, sai yanzu ya fito."

"Tun jiya? A kan rufin kicin?"

"Wane rufi? Ke dai ki yi shiru kar ki katse min tunani. Saura biyu, kuma ba zan tashi daga nan ba sai na cika su."

A bayan katanga aka ji bokiti ya kife, aka ji silifa na gudu.

Sai da ya ga hawaye a fuskar matarsa hankalinsa ya dawo ɗakin. Ya yi rantsuwa, ya yi bayani, ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta goge ido da gefen mayafi, ta duba. Macen da ta shekara goma tana karanta rubutun likitoci ba harafin da zai ba ta tsoro.

"Wannan ce ta kusa kashe min aure? Aski."

"Me?"

"Aski. A, S, K, I. Abin da kake ci da mu da shi."

Na-Sani ya karɓi takardar. Ga shi kuwa, ƙiri-ƙiri. Ya yi gyaran murya.

"Na sani. Gwada ki nake yi."

"To bari ni ma in gwada ka da gaskiya. Da ka ga 'kai' a farko sai ka rungume shi kamar an ba ka ajiya. Ido in ya ga kalmar da ya sani ba ya son sakinta."

"Don Allah kar ki ƙara ambaton kalmar nan a gidan nan."

"Kuma ina jinka kana gunaguni, ka, ki, sa, si. Duk da baƙi kake farawa. Ba ka taɓa kawo wa ranka kalma na iya farawa da wasali ba. Ka yanka haruffan ɗaya-ɗaya, ka baza su a tebur, ka yi ta juya su har su daina kama da komai."

"Wannan dabarar masu ƙaramin kai ce," in ji shi.

Bai rufe baki ba aka yi sallama da ƙarfi. Kawun matarsa ne, ya sauko daga babur hula a karkace, Rediyo na bayansa da wasu mata uku. Wai an ce masa an yi ɗaya, ana shirin cika ukun. Na-Sani ya sake bayani tun daga kujera. Kawu ya saurara fuska a murtuke, ya sa tabarau, ya karɓi takardar.

"Kun samu kisa, kun samu saki, kun samu aski. Ta huɗun ce ta rage?"

"Ita ce, Kawu. Tana da ɗan wuya."

"Iska," in ji Kawu. Ya cire tabarau ya nuna Na-Sani da shi. "Kuma ga ɗanta nan a zaune."

Ranar Alhamis Hedimasta ya ba shi wasu haruffa bakwai. Na-Sani ya jira sai da shago ya yi shiru, ya tura ƙofa, ya ɗauko takarda ya yanka haruffan ɗaya-ɗaya kamar yadda matarsa ta ce, yana waige kar a gan shi. Ya jera su a kan teburin kayan aski. A daidai lokacin aka kawo wuta. Fankar sama, wadda ya manta a kunne, ta tashi da ƙarfinta. Haruffa suka yi sama kamar fari. Ya bi su da rarrafe, ya ciro ɗaya a ƙarƙashin benci, ɗaya a cikin kwanon kumfa, ɗaya a takalminsa. Ya tattara ya mayar tebur, bai ƙirga ba.

Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Bai fi rabin awa yana turawa da yatsa ba sai ga kalma ta tsaya a gabansa tsaf: T U K U N A. Ya buɗe ƙofa da ƙarfi ya ƙwala wa Tela kira.

Tela ya fito da tef a wuya. Ya dubi fuskar Na-Sani, bakinsa ya ɗan motsa, ya danne.

"Ka samo kalmar?"

"Tukuna!"

"To ci gaba da nema, ba gaggawa."

"Na ce maka tukuna!"

"Ai na ji. Kar ka damu, har Asabar da sauran lokaci."

"Kai kurma ne? Ka tambaye ni na ba ka amsa. Tukuna!"

"To me ya sa ka kira ni, tun da tukuna?"

Masu wucewa suka fara tsayawa. Duk wanda ya dubi Na-Sani sai ya kau da kai yana rufe baki. Shi a zatonsa Tela suke yi wa dariya, sai ya ƙara ɗaga murya. Ana cikin haka Hedimasta ya iso. Ya leƙa tebur, ya ƙirga, ya dubi Na-Sani. Ya miƙa yatsu biyu ya ciro wata 'yar takarda da ta manne a man gashin bakin, ta ɓangaren hagu. Y ce. Ya ajiye ta tsakanin N da A.

"Tukunya," in ji shi.

"Tun ɗazu take lilo a wurin," in ji Tela. "Na ɗauka sabon ado ne."

Ranar Juma'a Na-Sani ya fara tunanin yin ƙaryar ciwon ciki. Ya gwada tafiya a duƙe daga gida zuwa shago don a gani a shaida. Amma duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Sai gobe, Na-Sani!" Direba ya gaya wa 'yan tasha, Rediyo ta gaya wa sauran duniya. Har samarin sabon shago sun aiko cewa za su rufe su zo. Da ya ji haka sai ya miƙe, ciwo ya warke. Ya ari ƙamus wurin Hedimasta, ya ce zai haddace shi kafin gobe. Ya tsallake shafukan farko, wai kalmomin yara ne, ya buɗe daga K inda ya fi kauri. Bai kai "kabewa" ba barci ya kwashe shi a kujerar aski, ƙamus a fuska.

Asabar da la'asar, layin ya cika kamar yadda ya yi alkawari. An jero bencina, an kawo allo da alli, wasu sun hau kan katanga. Mata sun tsaya gefe guda, matarsa a gaba ta harɗe hannu. Na-Sani ya fito da farar riga, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli. Da ya ga taron sai tsoro ya gudu, baki ya buɗe.

"Jama'a, ina ba ku haƙuri tun yanzu. Abin ba zai daɗe ba. Wanda ya je shan ruwa zai dawo ya tarar an tashi."

Hedimasta ya cire abin da ke ɗaure a hannunsa ya riƙe shi sama don ƙirga minti. Direba ne ya fara fitowa. Ya kama alli kamar yana riƙe da sifana ya rubuta: O G A G O.

"Fara!"

Oga. Na-Sani ya ga "oga" ya ji daɗi, don da shi ya dace. Saura "go". Oga go. Ya saci kallon hannun Hedimasta, tsinken na tafiya. Ya koma allo. Goga? Saura O. Gago? Ya sake kallon tsinken, ya wuce rabi. Zufa ta keto masa. Go, go...

"Goggo!" ya yi ihu.

"Na'am?" in ji wata tsohuwa daga cikin mata. "Wa ke kirana?"

Wuri ya kaure da dariya. Hedimasta ya ɗaga hannu. "Lokaci ya cika. Babu A a goggo, kuma ka ƙaro G daga aljihunka." Ya kaɗa abin da ke hannunsa a gaban hancin Na-Sani. "Abin da kake ta kallo ne. Agogo."

"Rana ce ta haske min allon," in ji Na-Sani. "A juya shi."

Aka juya. Ta biyu wata malamar firamare ce ta fito, 'yar siririya mai tabarau. Ta rubuta da kyakkyawan hannu: M A T A K A R A N.

Na-Sani ya ja numfashi. Ya tuna maganar matarsa, kar ya rungumi kalmar farko. Ya ce wa idonsa kar ya ga "mata". Idon ya ƙi ganin komai sai ita.

"Mata," ya faɗa a hankali. "Mata... karan. Karan mata. Matar ka... Mata, mata..."

"Ku ji shi!" in ji Rediyo. "Haruffa tara a allo, idonsa bai ga komai ba sai mata!"

"Shi ya sa ya ce saura biyu!" wani ya amsa daga kan katanga.

Na-Sani ya saci kallon matarsa. Tana motsa leɓe, tana nuna malamar da ido, tana nuna allon da kuma allin. Ya ƙura mata ido, ya ga kamar ya gane.

"Matar kan... Matar kanta!"

Matarsa ta rufe fuska da tafin hannu.

"Lokaci," in ji Hedimasta.

"Makaranta," in ji malamar a natse. "'Yan aji uku na ba wa jiya. Rabinsu sun ci."

"To ai su kullum can suke zuwa!" in ji Na-Sani. "An yi min rashin adalci."

Yanzu saura ɗaya. Tela ya fito yana share hannu a riga, ya cire zaren bakinsa, ya rubuta a hankali kamar mai yin alama a yadi mai tsada: H A K I S A L A M.

Na-Sani ya matsa kusa da allo har numfashinsa na tayar da ƙurar alli. Haki. Hakin kuwa yake yi. Ya tsallake shi ya kama na bayan.

"Salam," ya yi gunaguni. "Salam... salam..."

"Wa alaikumus salam!" taron ya amsa baki ɗaya.

"Ku yi min shiru!"

Ya rufe ido ɗaya. Ya karkata kai. Ya juya wa allon baya ya leƙo shi ta ƙarƙashin hammata, ko haruffan za su daina kama da abin da suke kama. Kala. Lisha. Masaki. Kowace ya kamo sai ta bar masa wasu haruffa a tsaye suna kallonsa. H ɗin nan kuwa ya rasa inda zai kai ta, ya sa ta gaba ta ƙi, ya sa ta baya ta ƙi. Ya ji ana ƙirgawa da ƙarfi daga kan katanga, biyar, huɗu, uku. Ya kama gashin bakinsa da hannu biyu.

"Lokaci ya cika," in ji Hedimasta, da 'yar murya kamar mai ta'aziyya.

"To mece ce?" in ji Na-Sani. "Faɗi mu ji, in ma kalma ce."

"Zan faɗa maka," in ji Tela. "Bayan aiki."

Aka fito da kujerar aski tsakiyar layi. Direba da kansa ya ɗaura masa zane a wuya, ya ɗaure sosai. Na-Sani ya zauna. Ya nemi a ɗaga zuwa Litinin, aka ƙi. Ya ce a rage tsawo kawai, aka ƙi. Daga nan ya saduda. Kafaɗunsa suka sauka, ya daina tunanin komai, ya zuba ido sama yana kallon wayoyin lantarki.

Tela ya sa hannu a aljihu ya ciro kayan aikinsa, babba, mai baƙin mariƙi. Ya kama ɓangaren hagu, ya ja shi ya miƙe, ya saita. Ƙarfen ya yi sanyi a leɓen Na-Sani. Ƙyas! Shekara ashirin da biyu ta faɗo a kan zane. Na-Sani ya sauke ido ya ga bakin ƙarfen nan biyu a ƙarƙashin hancinsa, suna buɗewa za su nufi dama. Sai kawai, ba nema, ba wahala, S ta je ta kama hannun H, A ta wuce gaba, kalmar ta tsaya a kansa cikakkiya.

"Almakashi!" Ya zabura tsaye, kujera ta kife. "Almakashi ce! A, L, M, A, K, A, S, H, I! Ku ƙirga! Ku ƙirga mana!"

Hedimasta ya ƙirga a allo, yana soke haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ba ragi, ba ƙari.

"Ita ce," ya ce. "Haka abin yake, da ka daina kokawa da ita sai ta zo da ƙafarta."

Gardama ta tashi. 'Yan tasha suka ce lokaci ya wuce, a ƙarasa. Matan suka ce ai ya ci, a ƙyale bawan Allah. Na-Sani na tsakiya yana rantsuwa cewa tun daƙiƙar farko ya gan ta, so yake ya ja wa mutane rai. Hedimasta ya buga allo da biro har aka yi shiru.

"Ya ci, amma a makare. A makaranta wanda ya kawo amsa daidai bayan an karɓi takarda rabin maki muke ba shi. Abin da aka yanke ya tafi. Abin da ya rage nasa ne, ba mai taɓawa."

Aka miƙo masa madubi. Dama ga ƙaho ya lanƙwasa yana ƙyalli, hagu fili fetal. Mai faci ya faɗo daga kan benci don dariya. Ɗaya daga cikin samarin sabon shago ya matso da ladabi ya ce in Baba ya yarda zai daidaita masa kyauta.

"Daidaita me?" in ji Na-Sani. Ya zaro ɗan matajinsa ya taje rabin a hankali. "Wannan da basirata na ci shi. Haruffa tara, yaro. A gaban shaidu."

Haka ya ratsa layin har gida, ƙirji a gaba, mutane na binsa a baya. Matarsa ta riga shi isa. Da ya shigo ta rufe ƙofa, ta tsaya tana kallonsa. Ta zagaya ta dama, ta dawo ta hagu, ta daɗe a hagun.

"Shekara ashirin ina zaune da kai ban taɓa ganin leɓenka ba," ta ce. "Ashe wannan gefen saurayi ne."

Na-Sani ya ɗan gyara tsayuwa. "Ɗaya gefen fa?"

"Wancan kawunsa ne. Ka ce masa ya tattara ya tafi kafin in zuba abinci."

Na-Sani ya kai hannu gashin bakin da ya rage, ya shafa kawun sau ɗaya, tun daga tushe har ƙarshe. Sannan ya ɗauko aska, ya tambaye ta ko da sauran ruwan zafi a buta.